Amsa ga mai son haɗa wa tsohuwar roka gejin lamba da Arduino

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni a gareji, ka yi haƙuri. Bari in maimaita ta a taƙaice saboda waɗanda ba su gani ba. Babanka na da tsohuwar roka, Mercedes 911, tana ɗaukar albasa daga Aliero wani lokacin kuma shinkafa zuwa Argungu, gejojin dashbod ɗinta duk sun mutu, allurar zafi ba ta motsi, ta baƙin mai ma an toshe bututunta, sau biyu injin na ƙona gaskit ba wanda ya sani sai da tururi ya tashi. Kai kuma ka ɗan taɓa Arduino a makaranta, wato ɗan allon kwamfuta da ake rubuta wa kod (furogiram) ya karanta sensa, shine kake son ka haɗa mata allon lamba mai nuna komi irin na motocin zamani, har kana tambaya ko za a iya sa mata birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji a motocin zamani.

Toh gejin ana yi, na yi ba ɗaya ba ba biyu ba. Birenbos kam ka cire shi daga ranka tun yanzu, don ba shi da abin da zai riƙe a wagga mota. Injin da ya saba zuwa cikinta OM352 ne, silinda 6, lita 5.7, a 1964 anka fara ƙera shi, da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a hanyoyinmu a Inugu anka haɗa su a ANAMMCO tun farkon shekarun 1980. Famfon injekta ɗinshi na Bosch ne na ƙarfe zalla, giya ke juya shi, gwamnan da ke ciki ke auna gas, wuta ba ruwanta da shi, in ya tashi ko ka cire batir ba zai mutu ba (kada dai ka gwada, zan faɗa maka dalili). Ita kuma 'yar na'urar nan ELM327 da ake soka wa mota a karanta a waya, tana aiki ne da soket ɗin OBD da anka wajabta wa ƙananan motoci a Amurka daga 1996, rokar Baba ta girme shi nesa ba kusa ba, babu inda za ka soka ta. Ma'ana duk abin da kake son gani a allo kai za ka je jikin injin ka ɗauko shi da sensa da waya. Ni ban ɗauki wanga a matsayin naƙasu ba ma, motar da bakaniken kowane ƙauye zai iya tayarwa da sifana biyu ai ba abin rainawa ba ce.

Abin da nake so ka fara ganewa shine direba ba ya kallon dashbod. Mutumin da ya taso daga Jega da dare da kaya har sama, yana kaucewa ramuka tsakanin Koko da Yauri, fitilar tirela na dallare mai ido, yaushe zai tsaya karanta 97.4? Ko da gejin asali na aiki haka gaskit ɗin zai ƙone. Don haka zuciyar aikinka ƙararrawa ce, 'yar boza mai ƙara wadda za ta fi ƙarar injin, da jar fitila ɗaya babba a saitin idonshi. Allo na biye ne, aikinshi kawai bayan ƙararrawa ta yi kuka ya gaya wa direba mi ya faru. Yaran da ke zuwa wajena duk da allo mai kala suke farawa, su ɓata wata biyu suna zana allura mai kyau, ƙarshe motar ba ta ga komi ba. Abu huɗu sun isa a zagayen farko: zafin ruwa, ko akwai ruwan ma a lagireto, ƙarfin baƙin mai, sai cajin batir. Sauran duk ado ne, za mu zo kansu.

Wuta ita ce ke kashe yawancin irin wanga aiki, ba kod ba. Ka fara ɗaukar mita ka auna, kada ka yarda da faɗar kowa, don waɗannan motocin sun sha hannun riwaya iri-iri, wata bolt 12 ce, wata 24, akwai ma tsofaffin da komi nasu 12 ne amma suna da wani siwic da ke haɗa batir biyu ya ba kik 24 lokacin tayarwa kaɗai. In 24 ce, injin na tafiya za ka ga wajen 28. Kuskuren farko da kowa ke yi shine ya ja waya daga tsakiyar batir biyun wai ya samu 12, toh batir ɗaya ne zai dinga shan wahala, caji ba zai daidaita ba, bayan 'yan watanni Baba zai sayi sabo kuma kai za a zaga. Kuskure na biyu amfani da 7805, ɗan guntun da ke rage wuta zuwa bolt 5, a kan bolt 28 in allonka na jan miliyam 200 kacal zai ƙona sama da wat 4 a matsayin zafi, cikin minti kaɗan ba ka iya taɓa shi. Ka nemi ɗan allon rage wuta na LM2596, amma ka duba, na gama-gari iyakarshi 40, ga motar 24 gara mai HV a ƙarshen suna wanda ke jure 60, kuma ka saya wajen wanda ka yarda da shi don na bogi sun cika kasuwa, rubutun ne kawai HV.

Ko shi ɗin ma bai isa ba shi kaɗai. Wutar mota ba tsabtatacciya ba ce kamar ta cajar waya. In kan batir ya yi sako-sako ya tsinke alhali altanato na tsakiyar caji, wutar da ba ta da wurin zuwa takan yi tsalle ta haura bolt 100 na ɗan ƙiftawar ido, a motar 24 ma ta fi haka. Allona na farko haka ya mutu, na yi sati uku ina aikinshi, munka ɗaura ma wata tifa, ya yi kwana tara lafiya lau, ranar na goma anka faɗa rami kan batir ya girgiza, ko hayaƙi bai yi ba, kawai ya yi shiru har abada. Mai motar bai ce min komi ba, kallon da ya yi min dai har yau ina tuna shi. Tun daga nan tsarina ɗaya ne: fis na am 1 ko 2 kusa da inda ka ɗauki wutar, sai dayod a jere don ko an juya kan batir kada ya wuce, sai dayod ɗin TVS tsakanin wuta da as (wato nagatif, ƙarfen jikin mota) wanda ke shanye tsallen, ga motar 24 irin su 1.5KE36A na yi, sai kafasito mai jure bolt 63 ko sama, sannan LM2596 ɗin. Wanga ne dalilin da na ce kada ka cire batir injin na tafiya. Kuma ka sa fulogi ɗaya da za a iya zare akwatin gaba ɗaya, ka ja kunnen direba da yaron mota cewa duk ranar da za a yi walda a bodi ko shasi a zare shi tukuna, masu walda ba ruwansu, duk inda sunka samu ƙarfe nan suke maƙala as.

Maganar as kuwa ita ce aljanin aikin. Za ka haɗa komi daidai a kan tebur, ka ɗaura a mota, direba ya kunna fitila sai zafi ya tashi da digiri 8, ya kashe ya dawo. Ba sensa ba ne. Sensa mai waya ɗaya ta jikin injin take komawa, kai kuma ka ɗauki as ɗinka a ƙarfen dashbod, tsakanin injin da kabin ɗin tsohuwar mota kuwa akwai tsatsar shekara arba'in, wutar fitila na bi ta nan sai a samu bambancin rabin bolt, shi kuma Arduino Nano yana raba bolt 5 gida 1024 ne, rabin bolt wajenshi gida ɗari ne cur. Maganin shine as ɗin duk sensoshi da na allon su haɗu wuri ɗaya a jikin injin, ka kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ka ja waya ta musamman daga nan zuwa akwatin. In da hali ma ka sayi sensa masu waya biyu ko uku da ke da as nasu. Wayoyin sensa ka murɗa su biyu-biyu, kada su bi gefen kebul ɗin kik ko na altanato. Af, na ce Nano, nasan za ka ce ESP32, wani allon irinshi, don yana da bulutut, toh yana da kyau amma ma'aunin wutarshi na ciki ba ya tafiya a miƙe musamman a ƙasa da sama, kuma bolt 3.3 yake ci, in shi kake so ka haɗa mai ADS1115, ma'aunin wuta na waje, ƙafa huɗu gare shi kuma awonshi ya fi na dukkansu.

Sensar zafi yawancinsu irin waɗanda juriyarsu ke raguwa ne in zafi ya ƙaru, NTC ake ce musu. Ta kamfanin VDO da anka saba gani tana ba da wajen om 287 a digiri 40, ta sauko wajen 23 a digiri 120. Sai ka sa rasisto na om 220 daga bolt 5 zuwa wayar sensar, ka karanta tsakiyarsu, zai ba ka kusan bolt 2.8 a 40, ƙasa da rabin bolt kaɗan a 120. Amma wadda za ka samu a kasuwa, ko Ƙofar Ruwa a Kano ko wajen masu kayan gyara nan Birnin Kebbi, galibi ba takarda ba suna, don haka kada ka kwafi lambobin kowa daga intanet, ka auna taka da kanka. Ka roƙi Inna tukunya ɗaya da risho, ka rataya sensar bakinta cikin ruwa ba tare da ta taɓa gindin tukunya ba, ka sa wayar auna zafi ta mita a gefe, duk digiri 10 ka rubuta lambar da Arduino ya nuna. Ruwa zai tafasa maka wajen 99 zuwa 100 tunda ƙasarmu ba tudu gare ta ba, wanga ma ya zama gwajin mitar taka. Daga 100 zuwa 120 ruwa ba zai kai ka ba, sai ka canza da man gyaɗa, a hankali don Allah, a waje ba cikin ɗaki ba, kuma sensar ta bushe sarai kafin ta shiga mai. Lambobin nan tara ko goma su za ka zuba a kod a matsayin jadawali, abin da ya faɗo tsakani kod ya raba. Ya fi maka duk wani dogon lissafi. Injin mai lafiya da tamostat ɗinshi yana zama tsakanin 80 da 90 da 'yan kai, ni nakan sa gargaɗin farko a 98, kuka mara tsayawa a 105. In ka ga motar ba ta wuce 60 da safe toh wani ya cire tamostat, al'adar garejojinmu ke nan wai ƙasarmu da zafi, alhali injin da ke tafiya da sanyi gas yake sha kuma ringi yake ci, ka mayar da shi.

Yanzu ga abin da nake zargin shi ya ci gaskit ɗin Baba har sau biyu, kuma shi ne abin da gejin zafi komi tsadarshi ba ya gani. Sensar zafi ruwa take aunawa. In tiyon ƙasa ya fashe ruwa ya zube cikin minti ɗaya, sensar sai ta koma rataye cikin iska, allura ta ɗan motsa ko ma ta sauka, direba na murna mota ta yi sanyi, kan silinda kuwa na can na gasuwa. Na ga wanga da idona a wata kanta da na yi wa geji, lambar na nuna 70 da wani abu lokacin da injin ya tsaya cak, munka buɗe lagireto ko ɗigo babu. Gejina bai yi ƙarya ba, tambayar da na ba shi ce ba daidai ba. Shi ya sa na ce abu huɗu ba uku ba. Hanya biyu ce kuma ina son ka yi duka. Ta farko sensar matakin ruwa a saman tankin lagireto ko a tiyon sama, ko mai filota ko mai ɗan tsinken ƙarfe da ke gane ruwa ya taɓa shi, ka sa mata jinkirin daƙiƙa 5 zuwa 10 a kod saboda tangaɗin ruwa a gargada. Ta biyu sensa mai zobe da za ka ɗaure ƙarƙashin wani ƙaramin noti a jikin kan silinda, ita ƙarfen take ji ba ruwa ba, da ruwa da babu za ta faɗi gaskiya. Sensar zafi ta DS18B20 na iya yin wanga tunda tana kaiwa 125, amma na bogi sun yi yawa kuma ba ta son hayaniyar wuta a doguwar waya, ni na fi son NTC mai zobe. Kada ka kwance notin da ke ɗaure kan silinda kanshi don ka sa ta, wancan da awo anka ɗaure shi.

Baƙin mai kuma ka manta da tsohuwar sensa mai om 10 zuwa 184, tana da wani ɗan hannu a ciki da ke gogar waya, girgizar gas na cinye shi. Ka sayi ta zamani mai waya uku, bolt 5 da as da sigina, mai auna 0 zuwa bar 10, tana fitar da bolt 0.5 in ba komi, 4.5 in ta cika, lissafinta ko ɗan firamare zai yi: ka cire 0.5 daga abin da ka karanta ka ninka da 2.5. Daɗinta kuma in ka sa babban rasisto daga sigina zuwa as, duk sanda waya ta tsinke za ka ga wajen 0 ko 5, lambobin da lafiyayyar sensa ba ta bayarwa, sai kod ya rubuta WAYA TA TSINKE maimakon ya tsorata direba ko ya yaudare shi. Wurin ɗaurawa ka kula da zaren noti. Waɗanda ake odarsu daga Chaina yawanci zaren inci na 1/8 NPT gare su, Mercedes kuwa zaren mita gare ta irin su M10, M12, M14, kuma 1/8 NPT da M10x1 kamar tagwaye suke a ido, zai shiga zagaye biyu uku sannan ya ci zaren bulok, kuka ke nan. Ka nemi adafta, ko mai injin dabra ya yanka maka. Kada kuma ka jera sensa da siwic a kan dogon T na tagulla a jikin injin, nauyinsu da girgiza na karya shi, ranar da ya karye kuwa duk man injin a titi zai ƙare, wato abin da ka sa don ceton injin shi zai kashe shi. Ka ja ɗan gajeren tiyon haidurolik zuwa jikin shasi ka ɗaure su can. Tsohon siwic ɗin mai da jar fitilarshi ka gyara su ka bar su suna aiki daban, ba ta cikin Arduino ba, ko akwatinka ya mutu wannan na nan. Injin mai lafiya in ya yi zafi yakan ba da bar 3 zuwa 5 a tafiya, a silo ya sauko wajen 1 ko sama kaɗan. Shi siwic ɗin asali sai mai ya faɗi wajen rabin bar yake kunna fitila, a kan gudu kuwa kafin nan metal ya riga ya fara ciwo, amfanin naka ke nan, ka sa ya yi kuka in injin na sama da juyi 1200 mai kuma bai kai 1.5 ba.

Ka ga ke nan kana bukatar sanin juyin injin, gas kuma ba shi da kwayil balle ka ɗauka a can. Ka leƙa bayan altanato ka nemi ƙafar da anka rubuta W. In babu, kowane riwaya mai gyaran altanato zai iya fito maka da waya daga ɗaya cikin wayoyi uku na kwayil ɗin ciki kafin dayod. Abin da ke fita nan kaɗawa ce da ke ƙaruwa da gudun injin. Yawancin altanato na da maganaɗisu ƙafa 12 wato biyu-biyu sau 6, don haka in fulin injin ya ninka na altanato sau 2.5, a juyi 1000 za ka samu 1000 sau 2.5 sau 6 a raba da 60, kaɗawa 250 a daƙiƙa. Kada ka kai ta ƙafar Arduino kai tsaye, ka bi da ita ta rasisto da PC817 (ɗan guntu mai fitila a ciki da ke miƙa sigina ta haske) da dayod a juye a gefen fitilarshi. Sannan ka ari ɗan mitar juyi mai hasken lesa ka liƙa farar takarda a fuli ka daidaita. Caji kuwa rasisto biyu ne kawai, 68k a sama 10k a ƙasa, bolt 28 zai zama kusan 3.6. Kada ka raina wanga awon, in fanbel ya tsinke caji ne ke fara faɗuwa nan take tun kafin zafi ya motsa, famfon ruwa kuwa ya riga ya tsaya, don haka a motar 24 in injin na tafiya wuta ta sauka ƙasa da 26 a yi kuka, in ta haura 30 ma a yi kuka, regileta ya lalace zai dafa batir.

Nasan Baba zai ce a sa mai gejin gas, nasan kuma dalili, ba sai mun faɗa ba. Filotar tanki rasisto ce ita ma, ka zubar da tankin ka dinga zuba jarka mai lita 25 kana rubuta lamba, a kod kuma ka ɗauki matsakaicin minti ɗaya don gas na tangaɗi. Zai nuna maka kwata da rabi lafiya lau, amma ba zai kama lita biyar ba, kada ka sa a kori bawan Allah a kan lambar filota. Mitar da ake sawa a bututun gas ita ma ruɗi ce in ɗaya ce, don ba duk gas ɗin da ya tafi famfo ke ƙonewa ba, wani na komawa tanki ta ritan. Gudu kuma mafi sauƙi GPS ne irin NEO-6M, ba ya cin data ba ya son layin waya, sama kawai yake son gani. Auna zafin salansa da sensar K-tayif da allon karanta ta MAX31855 sai in injin mai tabo ne ko an buɗe mai famfo yana baƙin hayaƙi, nan kam ka tsare shi ƙasa da digiri 650 zuwa 700 kafin tabo, fistin alminiyam ne. Iskar birki in gejinta na asali na aiki kada ka taɓa bututun, in ya mutu a sayi na allura a mayar, ba wurin koyon aiki ba ne.

Allo kuma ka tuna inda muke. A watan Afrilu inuwa ma na haura 40 a Kebbi, saman dashbod ƙarƙashin gilashi kuwa ba a magana, ƙananan LCD na gama-gari da yawansu iyakarsu 50, za ka ga fuskar ta yi baƙi ƙirin da azahar sai la'asar ta dawo. OLED ɗin nan ƙarami kyakkyawa ne a ɗaki, a rana ba a ganinshi kuma lambar da ta daɗe wuri ɗaya na barin tabo. Abin da ya fi daɗe min shine jajayen lambobin TM1637, ɗaya na zafi ɗaya na mai, manya, a cikin ramin tsofaffin gejin inda akwai inuwa, kuma su rage haske in an kunna fitila kada su kashe wa direba ido da dare. Akwatin Arduino kanshi ƙarƙashin dashbod, nesa da salansa, mai rufi da roba don ƙurar hunturu da ruwan damina, wayoyi su shiga ta ƙasa. Allon gwaji mai ramuka da 'yan wayoyin sokawa a tebur suke ƙarewa, a mota ko Kalgo ba za su kai ba, komi da dalma a kan allo, wayoyin waje kuma a matse su da kan waya a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, salatif narkewa yake ya bar danƙo. Ka rubuta wa kowace waya suna, ka zana taswirar a takarda biyu, ɗaya a gida ɗaya a motar, saboda riwayan da zai taɓa ta a Kontagora ba ka nan.

A kod abu uku kada ka manta. Ka kunna maigadin da ke cikin guntun, wanda in furogiram ya maƙale na daƙiƙa biyu zai sake tayar da shi, don lamba da ta daskare a 85 ta fi mataccen geji haɗari, sai dai ka gwada shi a tebur tukuna don wasu Nano masu tsohon butloda (ɗan furogiram ɗin da ke tayar da guntun) in ya tayar da su sai su yi ta zagaye ba su tashi. Duk sanda anka murɗa makulli boza ta yi ƙara sau ɗaya fitilu su kama, direba ya san tana raye. Kuma kada ta dinga kukan banza, a jinkirta na mai daƙiƙa 10 bayan tashi, a sa maɓallin da ke yin shiru na minti biyu kaɗai, don wallahi in ta dame shi sau uku ba dalili zai sa filaya ya yanke wayar kuma ba zai gaya maka ba.

Akwai wanda zai ba ka shawarar ka sa ta kashe injin da kanta in zafi ya yi yawa. A janareto ko injin ban ruwa a fadama wanga daidai ne, ina yi ma. A motar da ke ɗauke da ton goma a'a. Ka ɗauka yana tsakiyar wuce tirela wata na tahowa, waya ɗaya ta girgiza, akwatinka ya yanke hukunci, injin ya mutu, kwamfireso ya daina tara iska, in sitiyarin mai haidurolik ne shi ma ya yi tauri. Gaskit ana sayen wani. Akwatin ya yi ihu, direba ya nemi gefen hanya da kanshi.

Da a ce a-kori-kura ce mai fetur, 504 ko tsohuwar Hilux mai kafireto, nan ne maganar birenbos ke da wuri, akwai Speeduino, birenbos ɗin haɗa-da-kanka da ke hawa kan Arduino Mega, sai ka sa faranti mai haƙori 36 da anka cire ɗaya a fuli, da nozul na wuta, da famfon mai na bar 3, da sensar salansa don ka ga cakuɗin iska da fetur yana kusa da 14.7. Ana yi, amma a motar neman abinci ni iyakata in cire kwantak in sa na lantarki.

Ka fara da wuta kaɗai, fis da TVS da LM2596 da awon caji, ka ɗaura ta yi sati biyu tana zuwa Argungu tana dawowa, in Arduino bai mutu ba bai kuma dinga tashi da kanshi ba sai ka ƙara zafi da matakin ruwa, bayan su mai da juyi. Kafin ka kashe ko sisi ka turo min abin da mita ta nuna a kan batir injin a kashe da kuma yana tafiya, da hoton bayan altanato, da hoton inda tsohuwar sensar zafi da bututun mai suke a jikin injin, in gaya maka adaftar da za ka nema. Ka gaida min Baba, ka ce mai kafin komi a sa wa lagireton sabon murfi.